Bob Marley: waye ya gina sautin, waye ya riƙe takardun?

Malam Sani Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Duk ranar 11 ga Mayu, ranar da ya rasu, hoton Bob Marley kan cika Facebook, amma in ka tambayi mai ɗora hoton abin da mutumin nan ya yi har ya kai inda ya kai, da wuya amsar ta wuce gashi da hayaƙi. Abin yana damuna, don aikin da ke cikin rayuwarsa ya wuce haka nesa ba kusa ba.

An haife shi ranar 6 ga Fabrairu 1945 a ƙauyen Nine Mile, gundumar Saint Ann, ƙasar Jamaika. Mahaifinsa Norval Marley farar fata ne, mahaifiyarsa Cedella baƙar fata. Uban bai riƙe su ba, ya kuma rasu yaron yana ɗan shekara 10. Ya ƙarasa girma a Trenchtown, unguwar talakawa a birnin Kingston, har ya soma koyon walda. Faifansa na farko ya fito a 1962 a hannun furodusa Leslie Kong, bai yi kasuwa ba. Ya rasu a 1981 yana da shekara 36.

Ga tambayata. Daga 1962 zuwa 1972, shekara goma cur, yana waƙa, an san shi a gida, aljihu ba komai. Daga 1973 zuwa 1980 kuwa duniya ta ɗauka. Me ya canja? A ganina fam 4,000 ɗin da Chris Blackwell na kamfanin Island ya ba shi da ƙungiyarsa ta Wailers kafin alƙalami a 1972 ne mabuɗin. Masana kiɗa da masana doka, ku gyara mini.

Hajiya Rabi Fagge:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Kuɗi ba ya koya wa mutum waƙa. Da Blackwell ya miƙa fam 4,000, ya miƙa su ne ga mutanen da suka riga suka nuna.

A Trenchtown akwai mawaƙi mai suna Joe Higgs da ke tara samari a tsakar gidansa da yamma yana koya musu haɗa murya. Nan Bob da Peter Tosh da Bunny Wailer, ginshiƙan Wailers, suka sha horo. Tsarin murya uku ne: Bob ya ja baiti, Bunny ya hau sama da siririyar murya, Tosh ya riƙe ƙasa da kakkaurar muryarsa. Wahalar wannan aiki ba a hawa ko sauka take ba. Tana wajen ɗaukar numfashi tare da sauke gaɓar ƙarshe tare. In ɗaya ya riga sauran rufe baki da ƙiftawar ido, kunne zai ji mutum uku ne, alhali so ake a ji kamar murya ɗaya ce mai kauri uku. Sun kwaikwayi ƙungiyoyin baƙaƙen Amurka na lokacin, musamman The Impressions ta su Curtis Mayfield.

A 1963 suka shiga situdiyon Studio One wajen furodusa Coxsone Dodd, kuma farkon 1964 waƙarsu “Simmer Down” ta hau matsayi na ɗaya a Jamaika, da makaɗan Skatalites a bayansu. A zamanin nan kowa a ɗaki ɗaya yake, mawaƙi da makaɗi, a ɗauka gaba ɗaya. Mai busa ya yi kuskure a minti na biyu, sai a koma farko. Wanda ya yi shekaru a irin wannan ɗaki ba ya ɓata lokacin situdiyo.

Malam Sani Gwammaja:
Na karɓi wannan, Hajiya. To amma waƙa ta hau na ɗaya, me ya sa a 1966 ya bar ƙasar ya tafi Amurka aikin ƙarfi?

Hajiya Rabi Fagge:
Saboda biyan da ake yi. Furodusa zai ba ka ɗan abin da ya ga dama kan kowace waƙa, ko ɗan kuɗin mako, shi ke nan. Ko faifan ya sayu dubu nawa, ba ka da kaso. Shi ya sa bayan ya auri Rita ranar 10 ga Fabrairu 1966, ya wuce Wilmington a jihar Delaware inda mahaifiyarsa take, ya yi aiki ya tara ɗan jari. Yana can Sarkin Habasha Haile Selassie, wanda mabiya aƙidar Rasta ke matuƙar girmamawa, ya ziyarci Jamaika a watan Afrilu, bai gan shi ba, Rita ce ta gani. Da ya dawo suka buɗe nasu ƙaramin kamfanin faifai, Wail'n Soul'm. Bai daɗe ba, don buga faifai abu ɗaya ne, kai shi kantuna da sa gidan rediyo ya saka shi wani abu ne daban, kuma waɗannan hanyoyin duk suna hannun manyan furodusoshi.

Injiniya Ɗanlami:
Salamu alaikum. Hajiya ta yi maganar murya, bari in yi ta abin da ke ƙarƙashin muryar, don a nan ne aka fi zaluntar mutane biyu: Aston Barrett da ake kira Family Man, mai jitar bes, da ƙanensa Carlton Barrett, mai ganguna. Sautin da duniya ke kira na Bob Marley, rabinsa a hannun 'yan'uwan nan biyu yake.

Kiɗan Jamaika ya bi matakai. Ska ne farko, mai sauri da kayan busa. Wajen 1966 aka rage gudu ya zama rocksteady, bes ta fito fili. Wajen 1968 reggae ta tsaya da ƙafarta. Salon da Carlton ya shahara da shi ana ce masa one drop, ga yadda yake. Ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka yi ta maimaitawa. A yawancin kiɗan Turawa gangar ƙafa tana sauka a kan ɗaya. A nan kuwa ɗaya a bar ta fayau, ba a dukan komai mai nauyi. Sai a kan uku gangar ƙafa da ƙaramar ganga su sauka lokaci guda. Ƙaramar gangar ma ba tsakiyarta ake duka ba. Makaɗi zai kwantar da sandar a kan fatar, tafin hannunsa ya danne gindinta, ya ɗaga kan kawai ya sauke a bakin ƙarfen gangar, ta ba da “ƙwas” busasshe. Ɗaya hannun yana kan ƙananan farantan ƙarfe yana ta yanka lokaci, kuma Carlton ba ya yanka shi daidai wa daida, yakan jefa uku-uku a tsakani, shi ne ke sa ka ji kiɗan kamar yana tangaɗi amma ba ya faɗuwa.

Jita tana sara a kan biyu da huɗu. Tsirkiyoyi uku ko huɗu na sirara kawai ake taɓawa, kuma da zarar hannun dama ya sara, yatsun hagu su sassauta ba tare da sun bar tsirkiyar ba, sai sautin ya mutu nan take. Ogan kuma, wato abin kiɗa mai madannai, ya cike 'yan ramukan da ke tsakani da taushi, kamar tafasar ruwa. Bes ita ce mai ba da labari. Family Man yana amfani da bes ƙirar Fender mai tsirkiyoyi masu santsi, ya rage kaifin sauti ya bar kaurin, kuma yana barin gurbi: ya yi jimla, ya yi shiru, ya dawo.

Inda masu koyo ke faɗuwa wuri uku ne. Ƙafar makaɗi ta saba da ɗaya, sai ta riƙa satar duka a can, nan take kiɗan ya zama na maci. Mai jita ya bar sautin ya yi doguwar jela, sai ya rufe wa ogan hanya. Mai bes kuma ya ji tsoron shiru ya cike ko'ina, sai nauyin ya tafi.

Aminu Tudun Wada:
Injiniya, Allah ya ƙara basira. A ina su Barrett suka haɗu da Wailers?

Injiniya Ɗanlami:
Wajen furodusa Lee Perry, ƙanena, tsakanin 1970 da 1971. Su ne makaɗan Perry a ƙungiyarsa ta Upsetters. Perry ya yi wa Wailers aski sosai. Ya rage kayan busa, ya tura bes da ganga gaba, ya sa Bob ya bar lanƙwasa murya irin ta mawaƙan Amurka ya riƙa faɗin magana kai tsaye. A situdiyon Randy's da ke Kingston aka yi yawancin aikin, aka sami albam biyu, Soul Rebels da Soul Revolution. Ni a kunnena babu lokacin da mutum ukun nan suka fi dacewa da juna kamar wannan. Da suka rabu da Perry, su Barrett suka bi Wailers. To ka ga Malam Sani, kafin Blackwell ya zaro ko fam ɗaya, murya ta haɗu, ganga da bes sun haɗu, waƙoƙi da yawa ma an riga an rubuta su.

Barista Nasiru:
Jama'a barkanku da war haka. Rabuwar da Injiniya ya ambata ita ce ƙofar tawa maganar. A cewar Bunny Wailer, da baki suka yi da Perry cewa raba-daidai za a yi. Ba a rubuta ba. Perry ya ba kamfanin Trojan na Ingila izinin buga waƙoƙin, su kuwa suka ce ba su ga kasonsu ba. Har yau za ka ga waƙoƙin wannan zamani suna yawo a tarin albam iri-iri da sunaye daban-daban, tushen abin ke nan.

Duk waƙar da aka ɗauka tana da haƙƙin mallaka biyu, kuma wanda bai raba su a kansa ba ba zai fahimci rikicin Marley ba. Na farko haƙƙin rubutu, wato baitoci da karin waƙar. Na biyu haƙƙin ɗauka, wato ainihin sautin da ke kan uwar tef. Da mawaƙi Eric Clapton ya sake rera waƙar Marley “I Shot the Sheriff” a 1974 har ta hau na ɗaya a Amurka, ɗaukar tasa ce da kamfaninsa, amma kuɗin rubutu ya bi hanyar wanda ke riƙe da haƙƙin rubutun Marley.

Wa ke riƙe da shi? A ƙarshen shekarun 1960 Marley ya sa hannu da Danny Sims, abokin kasuwancin mawaƙi Johnny Nash, kuma kamfanin Sims mai suna Cayman Music ya zama mai kula da abin da Marley ya rubuta. Nan ne za ku gane dalilin da ya sa in kun duba bayan wasu albam na tsakiyar shekarun 1970 za ku ga sunayen wasu mutane a matsayin marubuta. “No Woman, No Cry” sunan Vincent Ford ke kanta, wani amininsa na Trenchtown da ke dafa abinci yana ciyar da mabuƙata. Masu bin tarihin sun rabu: wasu na cewa kyauta ce don kuɗin ya riƙa shiga hannun Ford, wasu na cewa dabara ce ta kauce wa yarjejeniyar Cayman. Ko ma wanne ne, sai da maganar ta kai kotun Landan, inda a 2014 Cayman ta nemi waƙoƙi 13 ciki har da wannan, ta sha kaye a hannun Blue Mountain Music, kamfanin Blackwell. Shekara 33 bayan rasuwar mai waƙar ana jayayya kan wanda ya mallake ta.

Ɓangaren ɗauka ya fi ciwo. A 2010 wata kotu a New York ta yanke cewa albam biyar da ya yi wa Island daga 1973 zuwa 1977 mallakar Universal ne, kamfanin da ya gaji Island, ba na iyalinsa ba. Hujjar ita ce kalmomin yarjejeniyar sun nuna aikin an yi shi ne a matsayin aikin da kamfani ya sa aka yi kuma ya biya, don haka a idon doka kamfanin ne mai shi tun ranar farko.

Aminu Tudun Wada:
To ai wannan ya ƙara mini ƙarfi a kan abin da na daɗe ina faɗa. Blackwell cin amana ya yi. Ya ɗauki kiɗan talakawa ya wanke shi don kunnen Turawa, ya raba ƙungiyar, ya ɗaga mai hasken fata a cikinsu, ya kuma riƙe tef.

Injiniya Ɗanlami:
Aminu, mu bi abin daki-daki, don wani ɓangaren maganarka gaskiya ne, wani kuma yana buƙatar gyara.

Da kuɗin nan Wailers suka koma Kingston suka ɗauki albam ɗin Catch a Fire a kan tef mai layi takwas, a situdiyo uku: Dynamic, Harry J da Randy's. Marley da kansa ya kai tef ɗin Landan, yana nan aka yi ƙare-ƙaren a situdiyon Island da ke Basing Street. An kawo Wayne Perkins, ɗan Amurka daga Alabama, ya ɗora jita irin ta rock. An kawo John Bundrick ya ɗora kayan madannai. An sake haɗa sautin, an cire waƙa biyu, aka bar tara. A 2001 an fitar da bugun da ya haɗa duka biyun, na Kingston da na Landan, kowa yana iya sa su gefe da gefe. Saurari waƙar farko, “Concrete Jungle”. A na Landan za ka ji jitar Perkins tana kuka doguwa da amsa-kuwwa a kanta. A na Kingston babu ita, fili ne da bes da murya. Ni na Kingston na fi so, ban ɓoye ba. Amma ganga da bes ɗin da aka ɗauka a Kingston suna nan a duka biyun, ba a taɓa ƙashin bayan ba.

Babban abin da Blackwell ya canja shi ne yadda ake sayarwa. Kasuwar Jamaika ta ƙananan faifai ce, waƙa ɗaya a fuska ɗaya, a gwada ta a manyan lasifikokin da ake kafawa a fili, in ta karɓu a buga. Shi kuwa ya sayar da su a matsayin ƙungiya mai albam, kamar 'yan rock. Bugun farko na Afrilu 1973 ma kwalinsa an yi shi da siffar laitar Zippo mai buɗewa ta sama, wanda tsadar haɗa shi ta sa bayan kwafi 20,000 aka koma kwali na yau da kullum. Da wannan siffa 'yan jaridar kiɗa na Ingila suka soma rubutu a kansu.

Hajiya Rabi Fagge:
Maganar rabuwa kuma, Aminu, ba hannu ɗaya ne ya yi ta ba. Bayan zagayen Ingila na 1973 Bunny ya ce ba zai je na Amurka ba, bai yarda da irin wuraren da za su yi wasa ba, ga sanyi, ga wahalar samun abincin da aƙidarsa ta Rasta ta yarda da shi. Malaminsu Joe Higgs ne ya maye gurbinsa a tafiyar. Tosh kuwa ya fito fili ya ce ana fifita Bob, kuma bai taɓa yafe wa Blackwell ba. Ƙorafinsa yana da tushe, don daga Natty Dread na 1974 sunan ya koma Bob Marley and the Wailers. Gurbin muryoyin biyu aka cike shi da mata uku, I-Threes: Rita Marley, Marcia Griffiths da Judy Mowatt. Wannan ya sauya ginin waƙar gaba ɗaya. Da murya uku ce a dunƙule, yanzu ya zama jagora da 'yan amshi, ya ba su su karɓa, tsarin da kunnen Bahaushe ya sani tun daga makaɗan fada. A babban fili kuwa wannan tsari ya fi aiki, don dubban mutane suna iya shiga cikin amshi. Ku saurari ɗaukar da aka yi a zauren Lyceum na Landan a Yulin 1975, za ku ji jama'a sun karɓe amshin tun kafin ya buɗe baki.

Baba Garba Zinder:
'Ya'yana, kun yi ta sauti da takarda, kada ku manta da abin da yake faɗa, don shi ya sa muka riƙe shi a nan Afirka. Waƙarsa “War” ta 1976 kusan dukkanta jawabin Haile Selassie ne a Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1963, kan wariyar launin fata.

Kuma maganar ta jawo masa harsashi. An shirya wasan Smile Jamaica ranar 5 ga Disamba 1976, sai gwamnatin Michael Manley ta sa zaɓe kwana goma bayansa, mutane suka ɗauka wasan na jam'iyya mai mulki ne. Ranar 3 ga wata da dare 'yan bindiga suka shiga gidansa mai lamba 56 a Hope Road ana cikin gwaji. Harsashi ya goge masa ƙirji ya shige hannu, an sami Rita a ka, manajansa Don Taylor ya ji mummunan rauni. Ba wanda ya mutu. Kwana biyu bayan haka ya hau dandali ya yi wasan, sannan ya bar ƙasar. A Landan ya yi Exodus na 1977, wanda ya yi mako 56 a jere a jadawalin cinikin Birtaniya. Ya dawo gida a 1978, ranar 22 ga Afrilu ya kira Manley da abokin hamayyarsa Edward Seaga kan dandali ya haɗa hannuwansu. Gaskiya ita ce haɗa hannun bai tsayar da jini ba, zaɓen 1980 ya ci ɗaruruwan rayuka.

A Afrilun 1980 ya je bikin 'yancin Zimbabwe a filin Rufaro, shi ya biya kuɗin ɗauko kayan sauti daga Landan da jirgi. Jama'ar da aka bari a waje suka danno, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, wasa ya tsaya na ɗan lokaci. Washegari ya sake yin wani don talakawan da ba su samu shiga ba.

Aminu Tudun Wada:
Baba, shi ya sa da yawa ke cewa kashe shi aka yi. Wasu kuma sun ce ƙwallo ce, an taka masa yatsa ya zama kansa.

Dakta Hadiza:
Malam Aminu, don Allah a bar yaɗa waɗannan biyun, domin gaskiyar tana iya ceton ran wani a cikin zauren nan.

Abin da ya kashe shi sankarar fata ce da ake kira melanoma, nau'in da ke fitowa a tafin hannu, tafin ƙafa da ƙarƙashin farce. An gano ta a Yulin 1977 a ƙarƙashin farcen babban yatsansa na ƙafar dama. Raunin ƙwallo shi ya ja hankali zuwa wurin, ciwon ya ƙi warkewa, aka duba. Wannan nau'in ba zafin rana ke kawo shi ba, kuma shi ne melanomar da ta fi kama baƙar fata. Masu cewa mu ba ma yin sankarar fata suna jefa mutane cikin haɗari.

Ga abin lura. Baƙin layi a farce ya zama ruwan dare a wajenmu, musamman in yana kan farce da yawa kuma bai canjawa, wannan yawanci ba komai ba ne. Wanda ake tsoro shi ne layi a farce ɗaya tak, mai faɗin da ya wuce milimita 3, yana ƙara faɗi, launinsa ba ɗaya ba, gefensa ba a miƙe ba, ko baƙin ya tsallaka daga farce ya hau fatar gindinsa. Haka farcen da ke tsagewa ko gyambon da ke zubar da jini ya ƙi rufewa. Taruwar jini ta buguwa tana tafiya gaba tare da tsiron farce, za ka ga tsabtataccen farce yana biyo ta daga gindi, ko da yake farcen babban yatsa kan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya sabunta duka. Tabon da ya tsaya a gindi yana faɗaɗa, a kai shi wajen likitan fata. Tabbaci ɗaya ne, a yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Kaurin ciwon ake aunawa: wanda bai kai milimita 1 ba yawanci tiyata na gamawa da shi, wanda ya wuce milimita 4 haɗarin yaɗuwarsa babba ne.

Likitoci sun ba shi shawarar yanke yatsan, ya ƙi, saboda aƙidarsa ta Rasta da kuma tsoron abin da zai yi wa tsayuwarsa a dandali. Aka cire farcen da naman ƙarƙashinsa, aka yanko fata daga cinyarsa aka rufe. Ba mai iya rantsuwa cewa yankewar za ta tsirar da shi, amma ita ce shawarar da ta fi ƙarfi a lokacin. Shekara uku yana zagaya duniya. A Satumban 1980, bayan wasa biyu a Madison Square Garden, ya yanke jiki ya faɗi yana gudun motsa jiki a Central Park. Gwaji ya nuna ciwon ya kai ƙwaƙwalwa, huhu da hanta. Wasansa na ƙarshe a Pittsburgh ne ranar 23 ga Satumba. A Nuwamba aka yi masa baftisma a Cocin Orthodox ta Habasha da suna Berhane Selassie. Ya yi watanni a asibitin Josef Issels a Jamus, ya kamo hanyar gida, jiki ya ƙi, aka sauke shi a Miami, can ya cika.

Malam Sani Gwammaja:
Allah ya saka da alheri Dakta. Barista, ya san watanni bakwai yana jinya, bai bar wasiyya ba?

Barista Nasiru:
Bai bari ba, Malam, aƙidarsa ba ta son shirin mutuwa. Ya bar mata, da 'ya'ya 11 da aka amince da su daga uwaye daban-daban, da kamfanoni, da situdiyon Tuff Gong, da makaɗan da suka yi shekaru suna aiki da shi bisa fahimtar baki. Shekara goma aka yi ana shari'a kafin a ƙarshen 1991 kotun Jamaika ta miƙa dukiyar ga iyalin, da goyon bayan kuɗin Blackwell.

Wanda ya fi ba ni tausayi Family Man ne. A 2006 ya kai ƙara Landan yana neman fam miliyan 60 na kansa da na ƙanensa Carlton, wanda aka kashe a 1987. Ya faɗi, kuma babban dalili shi ne a 1994 ya riga ya sa hannu a wata takardar sulhu ya karɓi kuɗi, kotu ta ce ya sarayar da haƙƙinsa. Mutumin da Injiniya ya ce rabin sautin nasa ne da ƙanensa.

Tunda akwai matasan mawaƙa a nan, daga Kano har Maraɗi, ga abin yi a aikace. Ranar da aka gama waƙa, kafin a bar situdiyo, a ɗauko takarda ɗaya a rubuta sunan waƙar, kwanan wata, wanda ya rubuta baiti, wanda ya yi kari, wanda ya haɗa kiɗa, da kason kowa cikin ɗari, jimla ta cika 100, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. A rubuta a fili ko kuɗin da aka ba mai kiɗa sallama ce ko kafin alƙalami. A rubuta wanda ya mallaki uwar ɗaukar, kuma mawaƙi ya karɓi layukan sautin a rarrabe, ba haɗaɗɗen kawai ba. In kamfani ya zo, a bambance sayarwa da ba da izini, izinin kuma a sa masa shekaru da iyakar ƙasashe. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta karɓar miƙa haƙƙi sai a rubuce, kuma haƙƙin rubutun waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, na ɗauka kuma shekara 50 daga fitowarsa. A Nijar ofishin BNDA ne ke kula da wannan fanni. Mu Musulmi shari'a ta riga ta yanka wa kowane magaji kasonsa, amma mai rabon gado ba zai raba abin da ba a san na mamaci ba ne, don haka jerin waƙoƙi da kwafin yarjejeniyoyi su zauna inda iyali suka sani.

Malam Sani Gwammaja:
Na janye rabin maganata ta farko. Fam 4,000 sun buɗe ƙofa, amma kayan da aka shiga da su an ƙera su tun a tsakar gidan Joe Higgs da ɗakin Lee Perry. Wanda bai san komai nasa ba sai tarin Legend na 1984, daga ina zai soma, Hajiya?

Hajiya Rabi Fagge:
Legend an tsara shi ne bayan rasuwarsa don ya shiga kowane gida, shi ya sa waƙoƙin soyayya da na kwantar da hankali suka rinjaya, kuma babu ko waƙa ɗaya daga Survival na 1979 a cikin bugunsa na asali. To ya soma da Survival ɗin, mai tutocin ƙasashen Afirka a kwali da zanen yadda ake jera bayi a cikin jirgin ruwa. Daga nan ya koma baya zuwa aikin Perry ya ji muryoyin nan uku tun suna tare. Sai Catch a Fire, bugun Kingston tukuna, na Landan daga baya. Ya sa abin sauraro a kunne biyu, don lasifikar waya ba ta fitar da bes ɗin Family Man ko kaɗan, ya riƙa ƙirga ɗaya zuwa huɗu yadda Injiniya ya nuna har sai ya kama inda Carlton ke sauka.